Agogo Ba Ya Auna Daɗin Kacici-Kacicin Jarida

Akwai wata al'ada da ta kafu a tsakanin masu warware kacici-kacicin jaridun Birtaniya, wadda nake ganin lokaci ya yi da za a sake dubanta da idon basira. Idan mutum ya gama cike allon ranar, yakan yanke masa hukunci iri biyu, na wuya da na daɗi, kowanne da taurari daga ɗaya zuwa biyar, kuma sau da yawa yakan ƙara da faɗin mintocin da aikin ya ci masa. A ƙa'ida babu ruwan ma'auni ɗaya da ɗan'uwansa, domin abu yana iya yin wuya ya rasa armashi, yana kuma iya yin sauƙi ya faranta rai. Amma a aikace ma'aunin wuya ya danne na daɗi, har ta kai allon da ya samu tauraro ɗaya na wuya ana maganarsa da ɗan raini ko da an ji daɗinsa, wanda kuwa ya samu biyar ana girmama shi ko da bai bar wa mutane komai ba sai ciwon kai. Ra'ayina shi ne an ba wuya matsayin da ba nata ba, kuma wannan kuskure yana cutar da wasan, yana korar sababbin shiga, yana kuma sama wa wasu masu tsara tambayoyi mafakar da za su ɓoye raunin aikinsu.

Ga wanda bai taɓa zama da irin wannan wasa ba, allo ne murabba'i, yawanci gida 15 a kwance da 15 a tsaye, wasu gidajen farare wasu baƙaƙe, tare da tambayoyi wajen 30 waɗanda amsoshinsu ke shiga fararen gidajen suna ratsa juna, ta yadda harafin da aka samu daga wata amsa yake taimakawa wajen gano wata. A Amurka aka fara shi, lokacin da Arthur Wynne, ɗan jarida haifaffen Liverpool, ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. A irin na Amurka tambayar kai tsaye take zuwa, a tambaye ka babban birnin ƙasa kaza, ko ka sani ko ba ka sani ba. Da wasan ya tsallaka teku ya isa Ingila a shekarun 1920, sai mutanen can suka yi masa lulluɓi. Kowace tambaya ta koma jimla mai zahiri da baɗini. A zahiri tana ba da wani ɗan labari wanda ba shi da alaƙa da amsar, a baɗini kuwa ta kasu gida biyu, ɓangare ɗaya yana faɗin ma'anar kalmar da ake nema, ɗaya ɓangaren yana nuna yadda za a gina ta harafi bayan harafi, sannan lambar da ke ƙarshe ta faɗi yawan harufan.

Tunda da Turanci ake wasan, bari in ƙaga misalai na kaina da Hausa domin a ga yadda abin yake tafiya. Idan aka ce, "An birkita tasa, aikin ɓarawo ne (4)," hankali zai tafi kicin ne, ga kwanukan da wani ya watsar cikin dare, alhali abin da ake nufi shi ne a birkita harufan kalmar tasa, su ba da sata, wadda ita ce aikin ɓarawo. Idan aka ce, "Dabbar da ke cikin takura (4)," mutum zai fara tunanin dabbar da aka kulle a keji, ga ta kuwa a rubuce a gabansa, domin kura tana zaune cikin kalmar takura. Haka kuma "Tufa da shinge, abin da ya fi magani (8)" yana haɗa riga da kafi ya ba da rigakafi. Abin lura a misalan nan uku shi ne, da zarar amsar ta faɗo maka ba ka bukatar kowa ya gaya maka cewa ka yi daidai, saboda hanyoyi biyu masu zaman kansu sun kai ka wuri ɗaya. Wannan tabbacin da ke zuwa farat ɗaya bayan ruɗani, shi ne ribar wasan gaba ɗayanta, kuma duk wani hukunci da za a yanke wa allo ya kamata ya fara daga tambayar ko ya samar da shi ko bai samar ba.

Waɗanda suka kafa wasan sun fahimci haka, duk da cewa laƙabobin da suka zaɓa wa kansu suna da ban tsoro. Edward Powys Mathers, wanda ya riƙa tsara wa jaridar Observer daga 1926 har rasuwarsa a 1939, ya kira kansa Torquemada, sunan babban alƙalin kotun binciken aƙida ta Sifaniya wadda ta yi ƙaurin suna wajen gallaza wa mutane. Magajinsa Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci, ya ɗauki sunan wani alƙalin na kotun, Ximenes, shi kuma Jonathan Crowther da ya karɓa a 1972 ya juya sunan na uku, Deza, ya zama Azed. Amma waɗannan masu sunan azaba su ne suka fi kowa dagewa a kan adalci. Wani limamin coci mai suna A. F. Ritchie, wanda ya yi aiki da laƙabin Afrit, ya rubuta a 1949 cewa mai tsarawa ba dole ne ya nufi abin da jimlarsa ta nuna a fili ba, amma dole ne ya faɗi abin da yake nufi. Ya bayyana cewa idan ka karanta jimlar ta karkatacciyar hanya laifinka ne, idan kuwa babu yadda za a yi a karanta ta ta hanyar da ta dace, laifinsa ne. Macnutt ya tattara irin waɗannan ƙa'idoji cikin littafinsa na 1966, Crowther kuma ya taƙaita su da cewa tambaya mai kyau tana ƙunshe da ma'ana madaidaiciya, da manuniya mai adalci, wato ɓangaren da ke nuna yadda za a gina kalmar, ba kuma wani abu bayan waɗannan biyu. Ko ɗaya daga cikinsu bai ce ingancin tambaya yana ga tsawon lokacin da ta tsayar da mutum ba.

Inda ma'aunin taurari ya fi yin kuskure shi ne ya haɗa abubuwa biyu mabambanta ya kira su da suna ɗaya. Akwai wuyar da ke fitowa daga ɗauke hankali, inda komai yake a gabanka amma an sa ka kallon wani waje. Sanannen misalinta shi ne kalmar Turanci "flower", wadda kowane ɗan firamare ya san tana nufin fure, amma mai tsarawa yana iya karanta ta a matsayin abin da ke gudana, wato kogi, sai ka yi ta lissafa sunayen furanni alhali Nilu ake nema. Duk wanda ya iya Turanci, a Landan yake ko a Legas, yana da abin da zai kai shi ga amsar, kuma ranar da ya gano dabarar ba zai sake mantawa da ita ba. Akwai kuma wuyar da ke fitowa daga rufe ƙofa, inda amsar ta dogara da wani sani da ba hankali ke kawo shi ba, gado ne na wani rukunin jama'a a wani zamani. Shekaru da dama masu tsarawa suna rubuta kalmar da ke nufin ɗan wasan kwaikwayo suna nufin harufan TREE, saboda wani ɗan wasa mai suna Herbert Beerbohm Tree wanda ya rasu tun 1917. Suna rubuta tsofaffin kuɗi suna nufin harufan fam da sule da kobon da Birtaniya ta daina amfani da tsarinsu a 1971. Makaranta kuwa sau da yawa Eton ce, wata tsohuwar makarantar 'ya'yan manya ta Ingila, kuma wanda bai san wasan kurket ba, da sunayen ɓangarorin filinsa, da yadda ake kiran wanda ya fita bai ci ko ɗaya ba da sunan agwagwa, zai yi ta cin tuntuɓe a wuraren da ɗan Ingila mai shekara 70 yake wucewa ido a rufe.

Allon da aka cika da irin wannan na biyun zai iya cin awa biyu na baƙo, ya samu taurari huɗu na wuya a wurinsa, alhali mai tsarawa bai yi wani aikin tunani ba, ya buɗe tsohuwar jaka ne kawai ya zazzago abin da ya gada. Na san za a ce kowane wasa yana da yarensa, kuma wanda yake son shiga sai ya koya. Wannan gaskiya ne, ban kuma ce a share duk gajerun kalmomin da aka saba da su ba, domin yawancinsu suna raye a cikin harshen, ana ganinsu a taswira da takardar asibiti da allon sakamakon wasanni. Abin da nake ƙi shi ne a riƙe waɗanda suka mutu a ko'ina sai a cikin allon jarida, sannan a kira tuntuɓen da suke jawowa zurfin fasaha. Ban kuma ce baƙuwar kalma haramun ce ba. Allunan Azed da Mephisto da Listener, waɗanda suke cikin mafi tsanani a jaridun Birtaniya, cike suke da kalmomin da ko malaman jami'a ba su taɓa ji ba, amma sun faɗa tun farko cewa ƙamus ɗin Chambers ne madogararsu, kuma suna gina manuniyarsu da tsananin daidaito har mutum yakan haɗa kalmar da bai sani ba harafi bayan harafi, ya buɗe ƙamus ya tarar da ita zaune da ma'anar da aka ce. Wannan wuya ce mai tsanani, amma ba ta yaudari kowa ba, kuma daɗin da ke cikinta yana daga cikin mafi girma a wasan.

Matsala ta biyu ita ce wuya ba siffar allo ba ce shi kaɗai, tsakanin mai tsarawa da mai warwarewa take zaune. Likita zai ga sunan ƙashi kafin ya gama karanta tambayar, manomi zai ga sunan ciyawa, wanda ya daɗe yana bin wani mai tsarawa zai san inda ya saba ɗana tarkonsa. Har mutum ɗaya ma, allon da ya gagare shi da safe yakan buɗe masa da yamma bayan ya ajiye shi ya yi wata hidima, abin da duk masu wasan suka shaida. To, su wa suke ba da taurarin? Galibi tsofaffin hannu ne, waɗanda suka shekara talatin ko arba'in suna yi kullum. Idan irin wannan ya rubuta cewa allon yau tauraro ɗaya ne, an gama shi kafin shayi ya huce, yana faɗin gaskiyarsa ce, amma yarinyar da ta fara wasan watan jiya, ta yi awa guda ta samu amsa shida tana murna, abin da za ta ɗauka daga maganarsa shi ne ita ce ba ta da kai. Irin wannan karyewar gwiwa ba ta fitowa a kowane lissafi, domin wanda ya bari ba ya zuwa ya ce ya bari. An yi ƙoƙarin gyara ma'aunin ta hanyar tattara lokutan masu warware allon The Times a kwamfuta, a kwatanta lokacin kowa na yau da abin da ya saba ɗauka, kuma wannan ya fi taurari inganci. Duk da haka lokaci kawai yake aunawa, kuma na waɗanda suka kai ƙarshe ne suka miƙa aikinsu.

Shi kansa bautar agogon yana da tarihi. A farkon 1942, bayan wasu masu karatu sun yi ta iƙirarin saurin gama allon Daily Telegraph, jaridar ta shirya gasa a ofishinta don a ga wanda zai gama cikin minti 12, kuma daga baya hukumomin yaƙi suka tuntuɓi wasu daga cikin mahalarta domin aikin fasa saƙonnin sirri na Jamus, aikin da cibiyarsa take Bletchley Park. Wannan labari ya zauna a zukatan mutane, ya sa sauri ya zama alamar kaifin basira. The Times, wadda ta fara buga nata allon ranar 1 ga Fabrairu, 1930, ta kafa gasar shekara-shekara a 1970, kuma a shekarar ne Roy Dean ya gama allonta cikin minti 3 da daƙiƙa 45 a ɗakin watsa shirin rediyon BBC. John Sykes, masanin ƙamus, ya ci gasar sau 10, Mark Goodliffe kuma ya zarce wannan adadi. Ina jinjina wa waɗannan mutane, domin baiwarsu ta gaske ce, kuma gasa tana da wurinta. Amma akwai abin da masu gudun nan da kansu ba sa ɓoyewa, wato a lokacin gasa sukan duba ma'anar da harufan da suka riga suka samu su rubuta amsar, ba tare da tsayawa warware ɗaya ɓangaren tambayar ba. Ma'anar wannan ita ce agogo yana saka wa mutum ne idan ya tsallake daidai wurin da mai tsarawa ya zuba wahalarsa. Mutum ya kwana yana goge jimla har zahirinta ya yi santsi, baɗininta ya yi daidai ba ƙari ba ragi, wani ya wuce ta cikin daƙiƙa huɗu bai ko gan ta ba, sannan ya zo ya ce allon ya yi sauƙi. Ban ga yadda za a karɓi wannan a matsayin hukunci a kan aikin ba.

Binciken da Kathryn Friedlander da Philip Fine na Jami'ar Buckingham suka wallafa a 2016, bayan sun tambayi masu wasan fiye da 800, ya nuna cewa da yawa daga cikinsu sun fito ne daga fannonin lissafi da kimiyya da kwamfuta, kuma lokacin nan da amsa take faɗowa kwatsam yana cikin manyan abubuwan da ke dawo da su kullum. Wannan ya dace da abin da duk wanda ya zauna da masu wasan zai lura da shi. Idan suna hira, ba mintocin bara suke tunawa ba, tambayoyi suke maimaita wa juna. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi maimaitawa ta Roger Squires ce, wanda ya daɗe yana tsara wa Guardian allon Litinin da laƙabin Rufus, kuma aka san shi da sauƙi har wasu ƙwararru suna yi masa kallon abincin yara. Tambayar ita ce "Two girls, one on each knee (7)", wato 'yan mata biyu, ɗaya a kan kowace gwiwa. Zahirin yana nuna maka uba ko kaka da jikoki a cinyarsa, amsar kuwa PATELLA ce, ƙoƙon gwiwa, wanda yake ɗaya a kowace gwiwa, kuma sunayen mata biyu ne, Pat da Ella, aka jera. Kalmomi shida ne, babu na banza a ciki, ba ta kuma bukatar sanin kurket. A ma'aunin wuya ba za ta wuce tauraro biyu ba, amma mutane suna riƙe da ita tun 2007, abin da dubban tambayoyi masu taurari biyar ba su samu ba.

Misalin da ya fi wannan nauyi shi ne na John Graham, limamin cocin da ya tsara wa Guardian fiye da shekara 50 da laƙabin Araucaria. A ƙarshen 2012 ya fitar da allo a wata ƙaramar mujalla, Guardian kuma ta sake buga shi a Janairun 2013, inda ya rubuta a samansa cewa yana ɗauke da amsar lamba 18 a amsar lamba 19, kuma ana kula da shi da amsoshin 13 da 15. Da masu karatu suka warware, sai suka tarar yana gaya musu cewa yana da sankara a maƙoshi, kuma kulawar da ake ba shi ta rage raɗaɗi ce kawai. Tambayar da ta ba da sunan cutar kalmomi uku ce, "Sign of growth (6)", wato alamar girma ko ta ƙari, mai sauƙin gaske, domin sunan cutar a Turanci shi ne kuma sunan ɗaya daga cikin burujai 12. Ya rasu a Nuwamban 2013 yana da shekara 92. Mutanen da suka shekara suna fafatawa da shi kowane mako ba su taɓa ganin fuskarsa ba suka yi jimami kamar na ɗan'uwa, kuma wannan yana nuna cewa abin da ke tsakanin mai tsarawa da mai warwarewa hulɗa ce ta mutum da mutum, wadda mintoci ba su da abin cewa a kanta.

Shi Araucaria bai ma bi ƙa'idojin Ximenes sau da ƙafa ba, kuma saɓanin da ke tsakanin masu tsaurin ƙa'ida da masu sassauci ya daɗe yana raba kan masu wasan. Akwai tsohuwar tambaya, "HIJKLMNO (5)", wadda amsarta ita ce kalmar Turanci ta ruwa, saboda harufan sun tashi daga H zuwa O, kuma idan aka faɗi haka da Turanci sautinsa ɗaya da H2O, alamar ruwa a kimiyya. Babu ɓangaren da ke faɗin ma'anar kalmar a cikinta ko kaɗan, saboda haka a wurin masu tsauri ta karya doka. Ni ina tare da masu tsauri a yawancin lokuta, musamman a kan haramcin da suka ɗora wa tambayar da za ta ce ka fara nemo wata kalma da ba a rubuta ba sannan ka birkita harufanta, domin wannan lalube ne cikin duhu. Amma ina ganin tambayar ruwan ta halatta, saboda idan ka gano ta babu sauran shakka a ranka, kuma abin da ƙa'idojin suka zo karewa ke nan tun asali. Mai warwarewa yana iya auna wannan da kansa ba tare da littafi ba. Idan bayan ya ga amsar ya ji cewa ya kamata a ce ya gane tun ɗazu, tambayar ta yi adalci ko da ta ci masa yini. Idan kuwa abin da ya ji shi ne ta ina zan san wannan, to akwai alamar tambaya a kan aikin mai tsarawa.

A nan ne nake ganin kacici-kacicinmu na gargajiya ya riga ya warware wata matsala da masu allon jarida har yanzu suke jayayya a kanta, wato ko duba ƙamus ko danna maɓallin bayyana amsa a waya maguɗi ne. Idan aka ce maka shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ka yi ta harbi ba ka samu ba, sai ka ba da gari, a ci garin da baki, sannan a ce maka tsintsiya. Ba wanda yake ɗaukar ba da gari abin kunya, domin yana cikin dokar wasan, kuma da shi yara suke koyon yadda ake tunani a karkace. Haka ya kamata sabon shiga ya ɗauki duba amsa, muddin zai koma ya bi tambayar baya har ya ga yadda aka gina ta. Wanda ya bayyana amsa biyar ya fahimci dabarar kowacce ya fi cin ribar allon a kan wanda ya cike shi duka da hasashe cikin minti goma.

Dole in amince cewa masu karatu suna da haƙƙin sanin abin da za su tarar kafin su zauna, kuma ba kowa ke da awa biyu da safe ba. Jaridun ma sun gane haka. Observer tana da allon Everyman mai sauƙi tun 1945, Daily Telegraph ta ƙara Toughie a 2008 domin masu son tsanani, The Times ta fito da ƙaramin allo mai gida 13 a kowane gefe a 2014 domin masu koyo, Guardian kuma tana da Quiptic, shi ma na masu koyo. Wannan rarrabewa ta matakai ta yi daidai, kuma ta isa wajen shiryar da mai karatu. Sharaɗinta kawai shi ne edita ya cika alkawari, kada allon da aka ce na masu koyo ne ya zo da kalmomin da sai an tono ƙamus, kada kuma a riƙa ba da shi ga duk wanda ya samu sarari kamar aikin da bai kai a ɓata masa lokaci ba. Tsara tambaya mai sauƙi kuma mai daɗi ya fi tsara mai wuya wahala, saboda a mai sauƙi babu duhun da zai rufe kasawa, duk wata kalma da ta zauna a karkace kowa zai gan ta.

Abin da ya fi taurari amfani wajen shiryarwa, a ganina, shi ne sunan mai tsarawa. Guardian da Independent da Financial Times suna buga laƙabin kowa a kan allonsa, The Times kuwa ta daɗe tana buga babban allonta ba suna, bisa hujjar cewa salon gidan ɗaya ne kuma edita ne ke tsaron sa. Hujjar tana da ƙarfi, domin allon The Times ya shahara da daidaito. Amma suna yana gaya wa mai karatu abin da lamba ba za ta iya faɗa ba. Wanda ya ga Enigmatist a Guardian, ko Elgar a Toughie na Juma'a, ya san John Henderson ne, ya san kuma yau sai ya ware lokaci, kamar yadda wanda ya ga Rufus a da yake sanin zai samu gajerun tambayoyi masu fuska biyu. Suna yana kuma ɗora alhaki, domin wanda ya san za a danganta masa raunanniyar tambaya zai ƙara zama a kanta kafin ya miƙa.

Su kuma masu sharhi, da za su rage ambaton mintocinsu, su faɗi tambayar da ta fi burge su da dalilin da ya sa, da wadda suke ganin ba ta yi adalci ba da inda ta kauce, da sharhinsu ya amfani mai koyo da mai tsarawa baki ɗaya. Nauyin da ya fi girma yana kan editoci, saboda masu karatunsu sun canza. Jaridar The Hindu ta Indiya tana buga irin wannan allo tun 1971 kuma ta raini nata masu tsarawa, Ostareliya tana da nata, allunan Landan kuwa yanzu ta waya ake buɗe su a ƙasashen da jaridar takarda ba ta taɓa isa ba. Editan da ya bar sunan ɗan wasan da ya rasu a 1917 ya wuce a teburinsa yana zaɓar wa jaridarsa masu karatu ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma yana da ikon mayar da tambayar ga mai ita ya ce a nemo wata hanyar da za a kai ga harufan nan huɗu.